Wa ya ce jigon Shaihu Umar haƙuri ne?

Jama'a, yau maganar doguwa ce. Wanda ke sauri ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Kwana biyun nan wata al'ada ta sake dawowa a Facebook. Mutum zai ɗora hoton bangon Magana Jari Ce, ko Ruwan Bagaja, ko Shaihu Umar, ya rubuta a samansa wai Allah sarki lokacin da duniya ke kwance. Sai a yi ta zubo sharhi a ƙasa. Wannan ya ce littattafan tarbiyya ke nan, wancan ya ce ai da zaman lafiya ake yi, wani ya ɗora da zagin marubutan yanzu. Ni kuwa in na karanta sai in ce a raina, anya mutanen ga sun sake buɗe littattafan nan tun da suka bar sakandare? Domin duk wanda ya karanta Shaihu Umar idonsa biyu ba zai ce duniya na kwance a cikinsa ba. Tun daga farkonsa har ƙarshensa mutane ake sata ana sayarwa.

Amma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Haka aka koya mana nazari. Malam ya shigo aji ya raba allo gida-gida: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. A ƙarƙashin jigo ya rubuta haƙuri da yarda da ƙaddara. A ƙarƙashin ƙananan jigogi ya sa muhimmancin neman ilimi, da illar hassada. Mu kwafe, mu haddace, ranar jarrabawa mu amayar, a ba mu maki. Kwanaki na duba littafin rubutun ɗan ƙanena da ke babbar sakandare, na tarar tsarin nan bai canza ba ko da wasali guda daga yadda muka baro shi sama da shekara ashirin da suka wuce. Yaron da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda ƙarar babura, ana koya masa nazarin adabi kamar yadda ake koya wa mutum cike fom.

To bari mu tuna abin da ke cikin littafin, tunda da yawanmu bangon kawai muka riƙe.

Shaihu Umar babban malami ne a Rauta. Almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya ba su labari. An haife shi a Kagara. Mahaifinsa ya rasu tun kafin a haife shi, uwarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Sarki ya tura mutanensa harin bayi. Da aka dawo, fadawa 'yan uwan Makau suka ƙulla masa sharri cewa ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, bai kawo wa sarki duka ba. Aka kore shi daga garin, ya ƙare a Makarfi. Uwar yaro ta tafi Fatika ganin danginta ta bar shi a hannun amana, wani ya lallaɓo ya sace shi. Kura ta kashe ɓarawon a daji, wasu bayin Allah suka tsinci yaro suka riƙe shi kamar nasu. Bai gama sabawa da su ba mahara suka faɗa wa garin, aka sake kwashe shi, sai Kano. Can ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tsallake hamada da shi zuwa Ber Kufa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Ita kuwa uwar ta bazama neman ɗanta. A hanyar neman ita ma aka kama ta, aka sayar, aka ƙetare Sahara da ita, ta sha azabar da littafin bai ɓoye ba. Sai bayan shekaru suka haɗu, ta ga ɗanta da idonta, ba ta daɗe ba ta cika.

Ku ƙirga da kanku. An saci yaro sau biyu. An sayar da uwarsa. An kori mijin uwarsa daga garinsu, kuma ku lura da laifin da aka ɗora masa: ba wanda ya tuhume shi don ya kama mutane, tuhumar ita ce bai kawo kason manya cikakke ba. Gida guda aka tarwatsa gaba ɗaya, kowa ya ƙare a wata uwa duniya. Sai mu zo mu tattara wannan duka mu ce haƙuri? Haba malamaina.

Kada wani ya juya mini magana. Ni Musulmi ne, na yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi, kuma na san Umar a cikin littafin mutum ne mai tawakkali. Amma halin tauraro daban, abin da littafi ke nuna maka daban. Ƙaddara ba ta taɓa wanke azzalumi ba. In mota ta kaɗe yaro, iyayensa za su ce haka Allah Ya so, amma wannan bai hana a tambayi direba yadda aka yi ba. Mu a nazarinmu mun riƙe maganar iyayen, mun sallami direban ko tambaya babu. Ba mu tambayi wa ya ba da umarnin harin ba, ba mu tambayi wa ke saye a Kano ba, ba mu tambayi yadda aka yi ayari ke tashi da 'ya'yan mutane ya bi ta gari bayan gari ba wanda ya tare shi ba. Duk waɗannan suna cikin littafin a fili. Mu ne muka kau da kai.

Abin da ke ƙara ci mini rai, waɗanda ba nasu ba ne sun gane. Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Ingilishi a 1967, daga baya aka sake buga shi a Amurka, kuma a jikin bangon suka bayyana cewa labari ne a kan bauta a Afirka. Fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, Jamusawa ne suka taimaka aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Su suna kallonsa su ga cinikin mutane. Mu da abin ya faru a kan kakanninmu, kuma yake sake faruwa a kanmu, mun ce darasin haƙuri ne.

Na ce yana sake faruwa, kuma ba sai na yi wa ɗan Zamfara dogon bayani ba. Kagaran nan da labarin ya faro, garin su Abubakar Imam da yayansa Bello Kagara, nan ne aka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati ranar 17 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 27 da ma'aikata da iyalansu. Kwana tara tsakani aka shiga Jangebe aka tafi da 'yan mata 279. A watan Satumba na shekarar aka ɗauke Sarkin Bungudu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi sama da wata guda a hannunsu. A Satumbar 2023 aka shiga Sabon Gida, nan cikin ƙaramar hukumarmu, aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Waɗannan su ne waɗanda gidajen rediyo suka faɗa. Na ƙauyuka, wanda aka ɗauka a gona, da wadda aka ɗauka a hanyar rafi, da waɗanda aka sauke daga mota tsakanin Gusau da Tsafe, Allah kaɗai Ya san adadinsu. Mu nan Furfuri ba mu da nisa da Gusau, amma ku tambayi kowa yadda yake lissafin lokacin fita da lokacin dawowa.

Uwar Umar ita ce ta fi tsaya mini a rai. A nazarin aji ana saka ta cikin ƙananan taurari, layi biyu a wuce. Alhali ita ce zuciyar littafin. Mace ita kaɗai, ba kuɗi, ba gata, ta ce ba za ta zauna ba sai ta ga ɗanta, kuma neman nan ne ya jefa ta hannun masu sayar da mutane. Wa bai san irin wannan ba a yau? Wa bai ji labarin wanda ya kai kuɗin fansar ɗan uwansa aka karɓe kuɗin aka riƙe shi ba? Wa bai ga uwar da ta sayar da akuyarta da gadonta da 'yar gonar gado, tana bin masallatai ana yi mata shela bayan sallar Juma'a ba? Mace irin wannan tana zaune a kusan kowace unguwa tamu. In da muna karanta littafin yadda ya kamata, da yaranmu sun gane ta tun a shafin farko da ta bayyana, da sun ce ai wannan inna wance ce.

Na san abin da za a ce, don na sha ji. Za a ce bauta daban, garkuwa da mutane daban, kada in haɗa abin da bai haɗu ba. Gaskiya ne akwai bambanci. Wancan da izinin masu mulki ake yi, akwai kasuwarsa a fili, akwai dillalansa. Wannan kuwa doka ta haramta shi. Amma ku dubi kalmar da muke amfani da ita kullum: fansa. Daga ina muka samo ta? Ba 'yan bindiga suka ƙirƙiro ta ba. Tsohuwar kalma ce tun lokacin da dangi ke tara dukiya su je su karɓo nasu daga hannun wanda ya mallake shi. Haka murgu, kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi aikin kansa. To manomin da yau sai ya biya kafin a bar shi ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe, me sunan abin da yake biya? Harshen ya riga ya tanadi kalmomin tun tuni, mu ne muke yi kamar baƙon abu ne ya sauko mana daga sama. Kuma maganar cewa yanzu babu hannun manya, sai a yi ta a hankali. A Yulin 2022 a Yandoto, nan ƙasar Tsafe, aka naɗa wa wani sanannen jagoran 'yan bindiga sarauta da rana tsaka, har sai da gwamnatin jiha ta dakatar da sarkin. Yandoton da tarihi ya sani da malamai tun kafin jihadi. Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san inda bakina ya kamata ya tsaya, don haka na tsaya nan.

Wasu kuma, musamman 'yan uwana da muka yi jami'a, za su zo ta wata ƙofar. Za su ce ai littafin Turawa ne suka sa aka rubuta. Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya shi ya shirya gasar a 1933, shi ya tace, shi ya buga, kuma Bature na son a nuna cewa kafin zuwansa ba abin da muke yi sai cin naman juna, don a ce shi ya kawo ceto. Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Lallai Bature ya ci riba da irin wannan labari. Amma cin ribarsa bai mai da labarin ƙarya ba. Lokacin da littafin ya fito a 1934, mutanen da aka kama a hari suna nan da ransu, tsofaffi ne a cikin gari, wasu da tsagar wata ƙasa a fuskarsu. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Ke nan marubucin ba tatsuniya ya ba mutanen zamaninsa ba. Abin da suka sani ya faɗa musu, shi ya sa bai tsaya yin wa'azi a kai ba. Ya jera abin da ya faru ya bar mai karatu da zuciyarsa. Rashin ihun nan nasa ne ya ruɗe mu muka ɗauka bai ce komai ba.

Kuma in ana son a ga cewa da gangan ya zaɓi inda ya tsaya, a ajiye littafinsa kusa da Ganɗoki na Bello Kagara. Gasa ɗaya, shekara ɗaya, kusan yankin ƙasa ɗaya. Ganɗoki jarumin Kwantagora ne, yana kan doki, takobi a hannu, yana kirari, kuma kama bayi a wurinsa abin alfahari ne. Muna son sa don ya yi faɗa da Turawa, ni ma ina son sa, akwai daɗin karatu. Amma Ganɗoki labarin wanda ke bisa doki ne, Shaihu Umar labarin wanda aka ɗaure a bayan dokin. In malami ya haɗa wa ɗalibai waɗannan biyu a mako guda ya ce su gwama, wallahi sun fi ƙaruwa da haddar ƙananan jigogi goma. Za su fahimci yadda mutum ɗaya yake zama gwarzo a bakin mawaƙinsa, ya zama annoba a bakin ƙauyen da ya kwana. Mu da muke ganin yara na yaɗa bidiyon 'yan bindiga a TikTok suna yaba ƙarfin halinsu, muna buƙatar wannan darasi fiye da kowa.

Hatta Magana Jari Ce da ake ta kira littafin nishaɗi, ku tuna dalilin da ya sa aku ke ta zuba labari a littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi, Wazirinsa ya haɗa baki da abokan gaba a fitar da Musa daga gida a miƙa shi. Aku ba don daɗin baki yake hira ba, jan lokaci yake kada yaron ya taka ƙofar gida a ɗauke shi. Wato ginshiƙin littafin kacokan yunƙurin sace ɗan sarki ne, da taimakon na cikin gida. Yau muna da sunan irin Wazirin nan, infoma muke ce masa, kuma kowa ya san ba a shiga gari sai da shi. Jiki Magayi kuwa, mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayi ya sha alwashin ramuwa, ramuwar ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba, ta mai da shi ɓarawo. Wanda ya san yadda rikicin ƙasar ga tamu ya faro, daga ƙwace da zalunci zuwa ramuwar gayya, daga ramuwa zuwa ramuwar ramuwa, ba ya buƙatar a fassara masa. Ban ma taɓo Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ba, wanda tun 1982 ya zana mana Mailoma da rundunarsa da ƙwaya da bindigogi. Wannan sai wata rana.

To ina duniyar da ke kwance?

Sai maganar marubutan kansu, wadda ita ma mun mai da ita hadda. An haife shi shekara kaza, ya yi makaranta kaza, ya rasu shekara kaza, Allah Ya ji ƙansa. Abubakar Tafawa Ɓalewa mun san shi Firayim Minista, mun san an kashe shi a Janairun 1966, mun san hotonsa na jikin naira biyar, wadda yanzu ko almajiri ka miƙa wa sai ya dube ka. Amma wanda ya rubuta Shaihu Umar ba Firayim Minista ba ne tukuna. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗaya ko da biyu, an haife shi a 1912, ya fito daga Kwalejin Katsina ya koma Bauchi yana koyarwa a Midil. Ba ɗan sarauta ba ne. Aka ce a rubuto labari, abokan gasarsa suka tafi duniyar aljanu da ruwan magani da barkwanci, shi ya zaɓi ya rubuta yadda fada ke cinye nata da yadda ake raba uwa da ɗa. Shekara goma sha shida bayan haka, a 1950, shi ne ya miƙe a majalisa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da faɗin haka ba ƙaramin ganganci ba ne. Wanda ya karanta abin da aka yi wa Makau ba zai yi mamakin wannan jawabi ba. Zaren ɗaya ne. Irin wannan ne nazarin marubuci, a ga abin da ke damunsa tun yana yaro da inda ya kai shi, ba jerin shekaru ba.

Me ya sa na damu har na zauna na rubuta wannan duka? Don kalmar haƙurin nan na san aikin da take yi a wurinmu. Ita ce ake kawo mana duk lokacin da aka kwashe mutane. Tawaga ta zo da motoci, a zauna a ƙofar gidan mai gari, a ce a yi haƙuri, a ci gaba da addu'a, a ajiye buhunan shinkafa, a ɗauki hoto, a tafi kafin la'asar don su ma hanyar suke tsoro. Haƙuri ibada ne a bakin wanda aka zalunta. A bakin wanda aka ɗora wa alhakin tsare shi kuwa, sau da yawa hanyar rufe magana ce. In muka koya wa yaro tun yana aji cewa labarin da aka saci yaro sau biyu aka sayar da uwarsa darasinsa shi ne a yi haƙuri, to mun gama shirya shi ya karɓi waccan tawaga hannu bibbiyu, ba tare da ya tambayi kowa komai ba.

Malaman Hausa da ke cikin abokaina a nan, kuma kuna da yawa, daga na sakandare har na Kwalejin Ilimi ta Maru da na jami'a, ba faɗa nake da ku ba. Na san manhaja ba ku kuka rubuta ba, na san mai duba jarrabawa abin da ke takardarsa yake nema, na kuma san aji mai ɗalibi sama da ɗari ba wurin doguwar muhawara ba ne. Ku ba su amsar da za ta ba su maki, ba na hana ba. Amma ku ware ko da darasi ɗaya ku rufe allo, ku sa a karanta wurin da aka dawo daga hari ana rabon mutane, sannan ku tambaye su: a cikin labarin nan wa ya ci riba, wa ya yi shiru, wa ya kamata ya hana bai hana ba? Ku bar su su yi magana. Sai dai ku shirya, don a ajin Bungudu ko Tsafe ko Maru da wuya a rasa yaron da shi kansa ya kwana a daji, ko aka sayar da gonarsu aka karɓo babansa.

Masu ɗora hoton bango kuma, littafin siriri ne, tsakanin azahar da la'asar za ka gama shi. A nema a karanta, sannan a dawo nan ƙasa a gaya mini a wane shafi ne duniya ta kwanta.